Layin Farko na Fom ɗin Iyali

A shekarar da aka rushe En'e aka mayar da ma'aikatanta ƙarƙashin ƙaramar hukuma, muna zaune a Maigatari, a wani gidan haya mai ɗaki biyu a bayan kara, wato kasuwar dabbobi. Maigidana malamin dabbobi ne. Aikinsa duba shanun da ake korowa daga Faransa, kamar yadda muke kiran ƙasar Nijar a lokacin, ya yi musu allura, ya rubuta adadinsu. 'Ya'yanmu uku. Biyu suna gabana, namiji ɗan shekara uku da jaririya. Ta farin kuwa, tun da aka yaye ta take hannun mahaifiyarsa, a rugarsu kusa da Ɗanzomo. Shekarunta shida.

A gidanmu na Gumel ma ana kunyar ɗan fari, amma ba ta kai ta gidan su Malam ba. Su Fulani ne. Ban taɓa jin ya faɗi sunan yarinyar ba, ban taɓa ganin ya ɗauke ta ba. Idan ta zo gaishe shi sai ya amsa yana kallon takalminsa. Ni ma da na shiga cikinsu sai na ɗauki tasu kunyar na ɗora a kan tamu. "Ke" nake ce mata, in kuma zancenta zan yi da wani sai in ce 'yar tsohuwa. Ita kuma Adda take kira na, kamar yadda suke kiran babbar yaya. Babu wanda ya ga aibu a wannan. Yabo ma ake yi mini, ana cewa 'yar boko ce amma ta san kunya. Ina jin daɗin yabon.

Wata Alhamis, ranar kasuwa, surukata ta kawo man shanu, ta taho da yarinyar. Bayan la'asar Malam ya dawo daga kara, ƙafarsa duk kashin shanu, ya ciro wata takarda daga aljihu ya miƙo mini. Na yi sakandare har aji huɗu kafin aure, rubutuna kuma ya fi nasa kyau, saboda haka duk takardar Turanci da ta shigo gidan ni ce mai cike ta. Ya ce sabon tsari ne, kowane ma'aikaci zai rubuta iyalinsa a fom. Wanda sunansa ya shiga, magani kyauta ne gare shi, in ma an tura shi babban asibiti a Kano, hukuma ce za ta biya kuɗin jirgin ƙasa da na likita.

Na kifa tire a cinya na ɗora takardar. Sunan Malam an riga an buga shi da tafireta, don haka wannan bai ba ni wahala ba. Na rubuta nawa. Sai wurin 'ya'ya, layi shida, an ce a fara daga babba. Na karanta na fassara masa. Ya faɗi sunan yaron, ya faɗi na jaririyar, ya jawo buta ya hau wanke ƙafa. Yarinyar tana zaune a bakin tabarma, ba ta fi kamu uku daga gwiwata ba, tana ɓare gyaɗa tana ba ƙaninta. Surukata ta ga alƙalamin ya tsaya, ta yi dariya.

"Wannan dai tawa ce," in ji ta. "Gwamnati ta je ta haifi tata."

Na tsallake layin farko na fara daga na biyu. A raina na ce idan sun tashi zan cike. Na san rubuta suna ba faɗar sa ba ne, amma a gaban tsohuwa hannuna ya ƙi. Daga nan jaririya ta farka, ga tuwo yana jira, aka kira magariba. Da safe Malam ya linke takardar ya tafi da ita ofishinsu a Gumel. Ban tuna ba sai bayan kwana biyu, ina tsakar wanki. Na ce idan ya shigo zan faɗa masa. Da ya shigo na rasa ta inda zan fara, don ko faɗar ma sai na ambaci wadda aka bari. Na bar abin a kan watarana.

Albashi kuwa tun da aka yi canjin nan ya fara tsalle. Yau a ce kasafin kuɗi bai sauko daga Kano ba, gobe a ce ba a gama kwafe sunayen mutanen En'e a sabon littafi ba. Zuwa bazara mun shiga wata na uku ba a biya ba. Ba mu kwana da yunwa ba, wan Malam yana aiko mana da gero, Fulanin da ake yi wa allura suna kawo nono. Amma kuɗi a hannu babu.

A wannan bazarar baƙon dauro ya shiga rugar. Ba a aiko mana ba, don ba a tayar wa uwa hankali a kan ɗan fari sai abu ya yi tsanani. Yara biyu suka rasu a can. Yarinyar ma ya kama ta, ta tashi, ƙurajen suka bushe, amma idanunta suka ƙi buɗuwa. Tsohuwa ta yi iya abin da ta sani. Ta ajiye ta a ɗaki mai duhu, tana ɗiga mata nonon saniya mai ɗumi, tana sa mata kwalli. Da mako ya wuce babu sauƙi, sai wan Malam ya ɗauko su a jaki har bakin hanya, suka shigo mota. Ranar Lahadi suka iso.

Ta rame, fatarta ta yi dabbare-dabbare, an ɗaure mata fuska da baƙin ƙyalle. Da ta ji muryata ta durƙusa ta ce, "Adda, ina wuni." Randar ruwa take fuskanta, ba ni ba.

Ran Litinin malamin asibitin garinmu ya buɗe idon da yatsa biyu, ya saki, ya ce wannan ya fi ƙarfinsa. Ran Talata muka tafi Gumel, tsohuwa kuma ta koma ruga saboda dabbobi. Likitan Ba'indiye ne. Ya haska idanun da tocila ya daɗe, sannan ya yi wa Malam magana da Turanci, na ji kafin tafinta ya fassara. Ya ce miki ne a kan ƙwayar idon, duka biyun, na dama ya fi ci. Ya ce a kai ta asibitin ido a Kano, kada a wuce kwana uku. Ya ba mu man shafawa a ɗan bututu, ya rubuta wasiƙa. Tafintan ya ƙara mana da cewa asibitin idon ba na kyauta ba ne, sai an ajiye kuɗi ake ba da gado, sai fa ma'aikacin da ya zo da takardar hukuma.

Muka sauka a gidan goggona. Malam ya wuce ofis da wasiƙar. Akawun mutumin kirki ne, tun zamanin En'e suka san juna. Ya ciro fayil ya buɗe. Layin da na bari an ja masa zare da rula, a ƙasa an rubuta 'ya'ya biyu, an buga hatimi. Wan Malam, wanda ya raka shi, shi ya ba mu labarin abin da akawun ya ce.

"Haba Malam. Kai da ka san yawan shanun da suka ƙetaro iyaka bana, 'ya'yanka ne suka gagare ka ƙirga?"

'Yan ofis suka yi dariya. Da akawun ya karanta wasiƙar likita ya ga maganar ido ce, sai ya daina. Ya ce ba zai iya ƙara suna da alƙalaminsa ba, kwafin fom ɗin ya riga ya tafi Kano, kuma an kama wasu suna cusa 'ya'yan 'yan'uwa, har an kori mutum ɗaya. Abin da ake bukata shi ne takardar dagacin inda aka haife ta, da rantsuwar uba a gaban alƙali, da sa hannun shugaban ofis. Ya ce aikin kwana biyu ne.

Malam ya dawo ya faɗa mini a tsaye a ƙofar ɗaki. Bai tambayi wanda ya bar layin ba.

Wannan kwana biyun shi ya riƙe mu. Ba wai babu wata hanya ba. Yarinyar tana da karsana, 'yar saniyar da aka ba ta ranar suna, kuma tana cikin 'yan shanun da suka tsira daga farin da aka yi. Wan Malam ya ce bari ya koro ta kasuwar Alhamis. Malam ya ce dukiyar yarinya ce, ba a zubar da ita saboda kwana biyu. Ya ce kuma shi malamin dabbobi ne, duk wanda ya saya da daraja za a ce toshiyar baki ce, wanda ya saya da arha kuwa ya cuce ta. Ni ina da tasoshina na aure a Maigatari. Goggo ta ce a aika dillaliya ta kwashe su, mu shiga mota mu tafi, Allah ba zai hana mu gado ba. Malam ya ce in muka shiga ba da takarda ba, hukuma ba za ta mayar da ko kwabo ba, kuma ba a san iyakar abin da za a nema a can ba. Ya dube ni. Na ce a jira. Ina so in rubuta wannan yadda yake: babu wanda ya tilasta mini, na ce a jira.

Ran Laraba Malam ya ari keke ya tafi wurin dagaci, ya tarar ya tafi ta'aziyya wani ƙauye. Ran Alhamis dole ya tsaya a kara, don ranar ce shanu suke shigowa, kuma babu wani malamin sai shi. Wansa ne ya karɓo takardar. Da ajami aka rubuta ta, akawu ya ce sai an juya ta zuwa boko an haɗa su biyun. Aka kawo mini. Na zauna a zauren Goggo na kwafe ta, kuma a nan na fara rubuta sunan yarinyar da hannuna. Na zaci zan ji wani abu. Bai fi in rubuta gishiri ko kananzir ba. Ran Juma'a kotu ta tashi da wuri, aka ce sai Litinin.

A kwanakin nan ne na fara zama da ita. Sau uku a rana ina kwance ƙyallen, in jiƙa auduga da ruwan ɗumi in goge, in buɗe fatar idon in matsa man. Ba ta kuka, sai dai ta damƙe bakin zanena. A idon dama akwai wani ɗigo mai toka-toka. Ranar da likita ya gani bai fi ƙwayar gero ba. Ran Juma'a ya kai ƙwayar dawa. Ran Lahadi ya yi kamar wake, ya rufe baƙin idon saura kaɗan. Ina gani, ina mayar da ƙyalle, ina wanke hannu, in je in ba jaririya mama. Goggo tana kuka a madafi. Ni hawaye bai zo ba. Ina salla a kan lokaci, ina ɗaga hannu, addu'o'in suna fita daidai kamar hadda, in shafa in tashi. Na ci abinci duk lokacin da aka ba ni.

Tana yawan tambaya ko an shayar da karsanarta. Wani lokaci ta yi mini magana da Fulatanci, ta manta ba na ji sosai, sai ta sake da Hausa. Na gano tana son ƙanzo, ba ta son miyar kuka, tana kuma jin tsoron kukan jaki. Wata rana ina taje mata kai ta ce wai yaran ruga sun ce ni na haife ta. Na ce ta daina motsi kada tsagar ta karkace.

Ran Litinin aka shiga gaban alƙali. Wannan ma wan Malam ne ya ba mu labari. Alƙalin dattijo ne, ya tambayi Malam ko yarinyar 'yarsa ce. Malam ya ce ta gidansu ce. Aka sake tambaya, ya ce haka ake faɗa. Wansa ya yi caraf ya faɗi sunanta da na ubanta, alƙali ya ce ba shi aka kawo rantsuwa ba. Ya juyo wurin Malam ya sassauta murya.

"Malam, ni ma ina da ɗan fari, ya yi gemu ban kira shi ba. Amma nan sai ka faɗa da bakinka, magatakarda ya ji ya rubuta."

Ya faɗa. Wansa ya ce sai da aka ce ya ɗaga murya. Da suka fito ya tafi masallaci ya zauna har azahar.

Ran Talata takardu suka cika, amma shugaban ofis ya tafi Kano taron kasafin kuɗi. Akawu ya yi ta ba da haƙuri, har ya zo gidan Goggo da kansa ya kawo lemo. Ran Alhamis da hantsi shugaban ya sa hannu, bai ma zauna ba. Aka ba mu takardar asibiti da ta shiga jirgi, wadda suke kira waranti. Ta jirgi ce, ba ta mota ba. Na bar yaron wurin Goggo, na goyi jaririya, washegari muka tafi Gagarawa Tasha muka jira jirgin da ke zuwa daga Nguru.

A tasha aka rasa mai ɗaukar ta, don matakalar jirgin tana da tsawo, ni kuma ina da goyo da ƙullin kaya. Malam ya tsaya yana dube-dube ko zai ga wani. Jirgi ya yi kuka. Ya sunkuya ya ɗauke ta. Bai san yadda ake riƙe ta ba, ya ɗauke ta kamar ɗan maraƙi, hannu ɗaya a ƙirji ɗaya a ƙafafu. Ta tambayi ko wane ne. Ya ajiye ta kusa da taga ya koma can ƙarshen tarago ya tsaya.

Ran Asabar likitan ido ya gan ta, kwana goma sha ɗaya bayan an ce kada a wuce uku. Wata nas ta duba kwanan watan da ke kan wasiƙar Gumel, ta tambayi abin da ya tsayar da mu. Malam ya ce takarda. Ta dube shi, ta dube ni, ta ci gaba da rubutu. Likita ya ce idon dama ya tafi, abin da za su yi masa kawai shi ne su hana shi ruɓewa. Na hagu akwai sauran wuri a gefe da mikin bai kai ba, za su yi ƙoƙari a kansa. Na ce to. Na tambaye shi ko za ta iya cin tuwo, ya ce za ta iya.

Mako biyu muka yi. Ana ɗiga mata magani kowace sa'a, ana yi mata allura, ana ba ta madara da ƙwai. Ina kwana a tabarma a gindin gadon. Malam ya koma bakin aiki bayan kwana uku. Hukuma ta biya komai, gado da magani da abinci da jirgin komawa, ba a nemi ko kwabo daga gare mu ba. Ranar da aka cire bandeji nas ta ɗaga mata kofi ja. Ta juya kai gefe, ta karkata shi kamar kaza mai kallon shaho, ta ce kofi ne. Aka tambaye ta launinsa, ta faɗa daidai. Aka nuna mata allura a tafin hannu, ta ce babu komai.

Na san ƙaddara ce, abin da Allah ya rubuta babu mai kankare shi. Na kuma san ni na riƙe alƙalamin, ni na ce a jira. Duka biyun gaskiya ne. Na daɗe ina ƙoƙarin ajiye su wuri ɗaya, daga baya na daina.

Bayan mun koma Maigatari da kwana biyar tsohuwa ta zo. Ta zaunar da yarinyar a hasken ƙofa, ta riƙe haɓarta, ta duba farar hakiyar da ta rufe idon dama. Ta yi salati a hankali. Sannan ta tsokane ta da Fulatanci, yarinyar ta yi dariya, dariyar farko da na ji tun zuwanta. Malam ya ce, yana kallon bango, in ana so a bar ta nan kusa da asibiti, ga makaranta kuma. Tsohuwa ta ce makarantar me, wane allo za ta gani. Ta juyo wurina ta ce ni me na ce. Ba ta taɓa tambaya ta a kan yarinyar ba sai ranar. Na ce a tambayi mai idon.

Ta ce za ta bi kakarta. Ta ce a ruga ta san inda komai yake, nan kuwa kullum tana karo da turmi.

Na haɗa mata sauran maganin a gwangwani, na nuna wa tsohuwa yadda ake ɗigawa, sau uku na nuna mata. Na ƙulla ƙanzo a leda na sa a ƙullin. Na raka su bakin zaure. Tana tafe riƙe da zanen kakarta, kanta a karkace, tana kallon hanya da gefen idon hagu. Suka sha kwana wajen kara. Na koma ciki, akwai wake da na jiƙa tun safe, na zauna na surfe shi.

Da damina wan Malam ya zo, na tambaye shi yaya 'yar tsohuwa. Ya ce lafiya lau, har tana bin 'yan maruƙa bayan ruga. Ya ce tana ganin saniya, igiyar ce ba ta gani, sai ta laluba.